Wa Ya Kashe Kuyanga? Tambayar da Littattafanmu Ba Su Yi Ba Tukuna

Ina da shekara goma sha biyu lokacin da na fara jin labarin. Da damina ne, ruwa ya tsare mu a ɗakin Inna, kakata ta wajen uba. Tana zaune a kan tabarma tana tsintar wake a faifai, mu kuma mun kewaye ta muna roƙon tatsuniya. Ta ce ba a gatana da rana, amma za ta ba mu labarin tsohuwar rijiyar bayan gida, wadda aka cike tun kafin a haifi mahaifina. A zamanin kakanta, in ji ta, an wayi gari an iske wata kuyanga a ciki. Yarinya ce da ba ta kai ashirin ba, mai tsaga a kumatu irin wadda ba ta mutanen ƙasar nan ba. Aka fito da ita, aka yi mata wanka, aka rufe ta kafin hantsi. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara shan ruwan rijiyar.

Na ce, "Inna, faɗawa ta yi ko jefa ta aka yi?"

Ta ɗan yi shiru, hannunta na cikin wake. Ta ce, "Wadda tay yi mata wanka ta ce ta ga shatar hannu ga wuyanta."

"To wa ya yi?"

Ta ɗago ta dube ni. "Kai ɗan nan, baiwa ta fa. Wa za ya tambaya?"

Inna mace ce mai tausayi, ko kyanwa ba ta bari a jefa. Ba mugunta ta sa ta faɗi haka ba, yadda abin yake ta gaya mini. Amma fiye da shekara talatin ke nan amsar nan tana damuna, kuma ita ce ta kai ni ga ra'ayin da nake son in faɗa a nan: lokaci ya yi da marubutan Hausa, musamman mu 'yan Sakkwato, za mu rubuta ƙagaggun labaran binciken kisan kai waɗanda suka faru a zamanin Daular Usmaniyya, kuma gawar da za a buɗe littafin da ita ta zama ta bawa ko baiwa. Lokaci ya yi kuma da masu karatu da manyanmu za su bar a rubuta su ba tare da an ce wa marubucin ya zagi magabata ba.

Labarin bincike abu ne mai tsari guda. An sami gawa, jama'a na son a rufe maganar, sai mutum ɗaya ya ƙi. Ya bi gida-gida yana tambaya, ana yi masa ƙarya, yana haɗa abin da wannan ya faɗa da abin da wancan ya ɓoye, har ya kai ga mai laifi. Amfaninsa a wurina shi ne yana tilasta wa mai karatu ya damu da rai ɗaya tun daga shafin farko har na ƙarshe. Littafin tarihi ba ya iya wannan. Masana biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, sun ƙiyasta cewa a wajajen 1900 bayin da ke cikin daular sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Ka karanta wannan adadi, ka girgiza kai, ka wuce. Amma a ce maka ga wata yarinya a rijiya da shatar hannu a wuya, kuma mutum biyar ne suka kwana a gidan, ba za ka yi barci ba sai ka san wane ne.

A Amurka marubuta sun daɗe suna irin wannan aiki. Sukan kafa labarinsu a gonakin auduga na kudancin ƙasar ko a birnin New Orleans kafin a soke bauta a 1865, su sa mai binciken ya zama baƙar fata wanda kowace tambaya ya yi za ta iya jawo masa bulala. Abin da nake tsoro shi ne matasanmu masu rubutu a waya su kwaso wannan tsari ɗungurungum su sa masa rawani. Ba zai zauna ba. A can launin fata ne shaidar bauta, har dokar Bajiniya ta 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, ko da ubangijinta ne ya haife shi. A nan ubangida da bawansa launinsu ɗaya, sau da yawa sahunsu ɗaya a masallaci. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne cikakke, yana gado, yana iya hawa gadon sarauta, kuma sarakuna da dama a ƙasar Hausa ta wannan hanya suka zo duniya. Ita kuma uwar ba a sayar da ita, in ya mutu ta zama 'ya. Abin da ke raba mutane a nan shi ne asali, da addinin garin da aka kamo ka, da harshen da ka zo da shi, da askar da ke fuskarka. Maganar baƙi da fari takan taso ne in ayari ya haura Agadas ya nufi Murzuk ko Tarabulus, inda wasu ke ganin duk baƙin mutum halal ne a saye shi. Wannan ra'ayi ne Ahmad Baba na Tambutu ya rushe a littafinsa Mi'irajus Su'ud wajen 1615, inda ya nuna launi ba hujja ba ne, kuma ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba. Marubucin da bai san wannan bambanci ba zai rubuta labarin Amurka ne da sunayen Hausa.

Kuma ba mu da buƙatar aro, domin shari'ar da alƙalanmu ke hukunci da ita ta ishi marubuci abin saƙa. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Risala ya wuce ta babin jini da haddi, sai dai mukan karanta shi kamar abin da bai taɓa shafar kowa ba. A mazhabar Malikiyya ba a kashe ɗa saboda ya kashe bawa. Zai biya ubangijin ƙimar bawan, kamar yadda ake biyan dukiyar da aka lalata, sannan a yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara. Shaidar bawa ba a karɓarta a gaban alƙali, ana buƙatar maza biyu, 'ya'ya, adilai. In ɗa ne aka sara ya ce kafin ransa ya fita, "jinina yana wuyan wane," wannan magana tana buɗe ƙofar ƙasama, danginsa su yi rantsuwa hamsin a kashe wanda ya ambata. Bawa ba a yi masa ƙasama. To dubi yadda gidan da aka yi kisan yake. Waɗanda suka tashi tun asuba ɗibar ruwa da daka, waɗanda suke kwana a zaure da bayan turke, su ne suka ga abin da ya faru, kuma bakinsu ba ya aiki a gaban shari'a. Waɗanda bakinsu ke aiki suna barci, ko kuma 'yan'uwan wanda ake zargi ne. Ban san wani ƙulli da ya fi wannan wuyar kwancewa ba, kuma ba marubuci ne ya ƙirƙiro shi ba, haka mutane suka rayu.

Akwai kuma wata 'yar ƙofa da shari'ar ta bari a buɗe, wadda ita kaɗai za ta ɗauki littafi guda. A Muhtasar, bayan Shaihu Halil ya faɗi cewa ba a kashe wanda ya fi mamacin 'yanci, ya togace kisan gila, wato a yaudari mutum a kai shi inda ba kowa a kashe shi don a ƙwace abin da ke hannunsa. A irin wannan ana kashe ɗa ko da bawa ya kashe, kuma babu mai ikon yafewa, domin an ɗauke shi ɓarna ce a bayan ƙasa. Ke nan mai binciken namu ba gano makashin kawai ne aikinsa ba. Wataƙila tun shafi na hamsin duk unguwa ta san ko wane ne. Aikinsa shi ne ya tabbatar wa alƙali yadda aka yi kisan da dalilinsa, domin a kan haka ne za a ce a biya kuɗin wuri a tashi, ko a ce rai ya tafi saboda rai.

Wa zai yi binciken, tunda babu ɗan sanda a lokacin? Wannan bai taɓa damuna ba. Ga almajirin alƙali, matashi mai rubuta hukunci, wanda ya haddace nassi amma bai taɓa ganin an aiwatar da shi a kan ɗan babban gida ba. Ga wanzami, wanda kallo ɗaya zai yi wa fuskar gawa ya faɗi ƙasar da aka kamo ta. Ga dillaliya mai shiga kowane gida da kaya a ka, ta fito da labari. Ga mai bin sawu. Amma da ni ne, mace zan ba aikin. Ko dai tsohuwa mai wankan gawa, domin ita kaɗai ke ganin jikin mamaciya, ita ce likitan wancan zamani. Ko kuma jaji, ɗaya daga cikin matan nan da Nana Asma'u ta naɗa wa malfa suna jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta neman karatu. Jaji tana da ilimi, tana da shekaru, tana shiga gidan kulle inda dogari ba ya isa, kuma tana da hanyar kai magana har gidan Waziri. Ka sa ta ta taso daga wani ƙauye kusa da Wurno, ta shigo ta Ƙofar Rini da ayarin mata, ta iske an rufe wata yarinya da ta taɓa koya wa Fatiha. Ina ganin titunan da za ta bi, da warin jima a unguwar majema, da ƙarar bugu a marina, da rumfar da ake zaunar da bayi a kasuwa ana duba haƙoransu.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini shi. Wani dattijo da nake girmamawa, da na kawo masa wannan magana bayan sallar la'asar, ya ce, "Malam, garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Mi kaka nema ga abin da Allah ya rufe?" Damuwarsa ba ta banza ba ce. Yana ganin yadda wasu a kudu da waje ke ɗaukar kalmar bauta su mayar da ita sandar dukan Shehu da jihadi da Musulunci baki ɗaya, yana tsoron kada ɗan gida ya miƙa musu wata. Ni ma ina jin zafin wannan. Ina zuwa Hubbare, ina kai 'ya'yana, kuma ban yarda akwai abin da ƙasar nan ta haifar da ya kai ilimin gidan Shehu ba.

Amma mu duba su mujaddadan da kansu, shin sun rufe maganar? Abin da ya hura wutar jihadi ma maganar bautarwa ce. Rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, ta kamo Musulmi, aka biyo da su kusa da Degel a ɗaure, jama'ar Shehu suka kwance su. Bayan wannan ne aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. A Wasiƙatu Ahlis Sudan, Shehu ya rubuta ƙarara cewa bautar da 'ya'ya Musulmi haramun ne. Shehu Abdullahi, ƙanensa, tun ana cikin yaƙi ya ga yadda wasu suka koma tara ƙwaraƙwarai da tufafi da dawakai, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar a 1807 da niyyar tafiya gabas, ya tsaya a Kano, kuma ya rubuta wannan ɓacin rai cikin Tazyinul Waraƙat don na baya su karanta. Da Shehu Laminu na Barno ya aiko da wasiƙu yana zargin masu jihadi da bautar da 'ya'ya, Muhammadu Bello bai ƙone su ba. Ya kwafe su cikin Infaƙul Maisur, ya ba da amsarsa, ya bar mu mu duba. Mutanen da suka adana zargin abokin hamayyarsu a cikin littafinsu ba su ne za su ji tsoron ƙagaggen labarin wata kuyanga ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma in mu da muka san Risala da Hubbare ba mu rubuta ba, wanda bai san ko ɗaya ba zai rubuta, da harshen da ba namu ba, kuma nasa ne jikokinmu za su karanta.

Sannan abin ba a rufe yake ba kamar yadda dattijon ke zato. Ina bi ta Runjin Sambo kusan kullum, na yi shekaru ban tsaya na tuna cewa runji, ko rinji, sunan ƙauyen da ake zaunar da bayi su yi noma ne ba. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne abin da ke faruwa in an zo neman aure. Na ga auren da aka sa wa rana, an kai lefe, sai wata gwaggo ta dawo daga binciken asali ta yi raɗa a kunne, magana ta mutu. Yaron yana da digiri biyu, yana limanci a masallacin unguwarsu. Ba wanda ya furta kalmar a fili, "ba su da asali" kawai aka ce, kowa ya gane. Tsallaken iyaka kuwa, a yankin Ƙonni da ba shi da nisa da Illela, a 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a kan wata baiwar Allah da aka sayar tana da shekara 12, ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ciwon da ake rufewa da zane ba a wanke shi ba, ruɓewa yake yi.

Ina da sharuɗɗa ga duk wanda zai ɗauki alƙalami, kuma na fi tsananta su fiye da masu adawa da ni. Kada ya kawo Bature ya mai da shi mai ceto. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da ciniki, ta ce yaran da aka haifa daga Afrilun shekarar 'ya'ya ne, amma ta bar waɗanda ke hannu a hannu, sai wanda ya iya fansar kansa a gaban alƙali. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara 33 bayan Turawa sun ci Sakkwato. A Satiru kuwa, kudu da birni kaɗan, inda bayi masu gudu suka taru da talakawa suka yi bore a 1906, bindigogin Turawa ne suka kashe mutum wajen 2,000, aka baje garin. Shekarun nan uku, daga 1903 zuwa 1906, lokacin da bayi ke sulalewa daga gandaye cikin dare kuma ba wanda ya san dokar wa ke aiki, su ne mafi dacewa da irin labarin da nake nufi. Kada kuma ya ɗora laifin a kan ƙabila ɗaya. Sarakunan Haɓe sun mallaki bayi kafin jihadi, attajirai Hausawa da Larabawa da Azbinawa sun yi fataucinsu, akwai ma bayin sarki masu muƙami waɗanda su da kansu suna da bayi. Kada ya ɗauki sunan wani gida da ake da shi yau, ko wani bawan Allah da ya rayu da gaske, ya liƙa masa kisan da bai yi ba. Wannan ƙazafi ne, ko a littafi ko a baki. Ya ƙirƙiri gidansa da mutanensa, ya bar tarihi a inda yake.

Sharaɗin da ya fi duka shi ne ya yi karatu. Ya je ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu ya zauna. Ya san bambancin wanda aka kamo da wanda aka haifa a gida, wato bacucane ko dimajo, wanda sayar da shi abin kunya ne. Ya san murgu, kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa don a bar shi ya yi sana'ar kansa, da gayauna, 'yar gonar da yake nomawa bayan ya tashi daga gandu. Ya san cewa ubangijin da ya yanke wa bawansa gaɓa, shari'a na 'yanta bawan ko yana so ko ba ya so. Ya bar bayinsa su zama mutane, da masu kirki da maƙaryata da masu son juna, kada su zama abin tausayi kawai. Ba sabon abu nake nema ba. Cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa da suka fito daga gasar 1933 akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Mutumin da ya zama Firayim Minista bai ga abin kunya a rubuta wannan ba. Mu ne daga baya muka ja da baya.

Shekara guda kafin rasuwar Inna, na riga na yi aure, na sake tayar mata da maganar rijiya. Idonta ya yi rauni amma tunaninta garau yake. Na tambaye ta sunan yarinyar. Ta ce Nagode ake ce mata, irin sunan da ubangida ke raɗa wa abin da ya samu, sunan da uwarta ta sa mata kuwa ba wanda ya taɓa sani. Sai ta ƙara wani abu da ba ta faɗa mana ba muna yara. Ta ce yarinyar tana kaɗi da dare tana sayar da zare, tana tara kuɗin fansar kanta a cikin wata 'yar tukunya, duk matan gidan sun san da ita, saura kaɗan ta cika.

Na ce, "Inna, ina tukunyar ta shiga?"

Ta ce, "An bincike ɗakinta ranar nan. Ba a ishe ta ba."